SHARHI: Ɗan riƙo a Uwani da Anacha da Fatakwal na buƙatar takardar da hukuma ta sani

A unguwannin Hausawa na Enugu da Anacha da Fatakwal, ba baƙon abu ba ne a tarar da yaro a gidan da ba nan aka haife shi ba. Wani ɗan ƙanen maigida ne da aka turo daga Sakkwato domin ya shiga makaranta. Wata 'yar ƙanwar uwargida ce da aka kawo yaye, ta zauna ke nan. Wani kuwa maraya ne, mahaifinsa ya rasu a wurin fatauci, abokin cinikinsa ya ce ba za a mayar da yaron ƙauye ya tagayyara ba. Duk wannan riƙo ne, kuma unguwa ta san da shi: liman ya sani, maƙwabta sun sani, Sarkin Hausawa ma sau da yawa ya sani. Wadda ba ta sani ba ita ce hukuma. A idon ofis, yaron da aka ciyar aka tufatar shekara goma a gida ɗaya baƙo ne, matar da ta yi jinyarsa dare da rana kuma ba ta da wata shaida da za ta nuna cewa tana da alaƙa da shi.

Da can wannan giɓi bai dami kowa ba. Yanzu ya zama haɗari ga yaron da mariƙinsa, kuma gyaransa yana hannun mutanen da ke rubuta takardun umarni da tsare-tsare a Abuja fiye da yadda suke zato.

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma ba talauci ne kawai ke kawo shi ba. Kunyar ɗan fari kan sa a miƙa shi ga kakanni. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan uwa kan ba ta ɗa ko 'ya don kada ɗakinta ya zauna shiru. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan dangi har ta aurar. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne idon jama'a. Gari guda ne shaida. Kowa ya san ɗan wane ne, kowa ya san wa ke riƙonsa, idan aka zalunce shi kuma akwai goggo ko kawu a bayan katanga da zai ji.

A zango lamarin ya sha bamban. Hausawa sun daɗe a Gabas, har wani falken shanu ɗan ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Akwai gidaje a Uwani da aka haifi uba da kaka a cikinsu (sunan unguwar ba na Hausa ba ne, ko da yake kunnen Bahaushe kan ji shi kamar laƙabin yarinyar da ta ci sunan kakarta). Amma zaman zango zama ne da tarzoma kan watsa shi cikin yini ɗaya. An gani a 1966. An gani a Anacha a watan Fabrairun 2006, lokacin da ramuwar gayya kan rikicin Maiduguri ta sa jama'a tsallaka gada zuwa Asaba. An sake gani a Oyigbo, kusa da Fatakwal, a watan Oktoban 2020. Duk sa'ad da haka ta faru, shaidun da suka san asalin yaro kan watse: wani ya koma Arewa bai dawo ba, wani ya rasu. Abin da ke cikin kan mutane kawai yakan tafi tare da su.

Sai kuma abin da ya faru a 2019, wanda ya sauya yadda ake kallon duk babban da ke tafe da yaron da bai yi kama da shi ba. A watan Oktoban shekarar, rundunar 'yan sandan Kano ta bayyana cewa ta ceto yara tara da aka sace daga unguwannin birnin, aka sayar da akasarinsu a Anacha. An sauya musu suna, an sauya musu addini, wasunsu sun manta Hausa. Gwamnatin jihar ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, kuma a watan Yulin 2021 Babbar Kotun Kano ta yanke wa Paul Owne hukuncin ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa tuhume-tuhume 38. Ba wanda zai zargi jami'in tsaro da ya tsayar da mota a Lokoja ko a kan gadar Anacha ya tambayi mace ina ta samo yaron da ke cinyarta. Aikinsa ke nan, kuma iyayen da har yau suke neman 'ya'yansu sun fi kowa son ya yi shi da kyau.

To amma me goggon gaskiya za ta nuna masa? Takardar haihuwar yaron, idan ma akwai, sunan wata mace ce a kai. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Abin da ya rage mata shi ne rantsuwa da kiran waya, wanda ɓarauniyar yara ma za ta iya yi. Nan ne illar take: muddin masu riƙon halal ba su da takarda, rashin takarda ba ya bambanta kowa da kowa. Mai gaskiya na iya kwana a ofishin 'yan sanda, mai laifi kuma ya saje cikin taro ya wuce.

Bai kamata a mayar da wannan zancen ƙabila ba, ko da yake an yi ta ƙoƙarin yin haka. Kasuwar jarirai tana da masu saye a ko'ina. A 2014 aka bankaɗo wata badaƙala a Jamhuriyar Nijar, inda aka tuhumi wasu manyan mutane da matansu da sayo jarirai daga Najeriya ta hanyar Benin. Shari'ar ta kai ga ɗaurin shekara ɗaya a kan tsohon shugaban majalisar dokokin ƙasar, marigayi Hama Amadou, a 2017, ko da yake har ya bar duniya yana cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Gorin rashin haihuwa ba ya da yare. Matar da kishiya da dangin miji suka hana sakat, idan hanyar halal ta yi mata tsawo ko ta yi mata duhu, akwai dillalin da ke jiran ta da gajeriyar hanya.

Hanyar halal ɗin kuwa, yadda doka ta shimfiɗa ta, ba da Bahaushen zango aka auna ta ba. Tsohuwar Jihar Gabas ce ta fara yin dokar mayar da ɗan wani naka a Najeriya, a 1965, Legas ta biyo baya a 1968. Jihohin Arewa ba su bi sahu ba, kuma dalilin a fili yake. Irin wannan ɗauka, wadda malamai ke kira tabanni, tana yanke nasabar yaro daga iyayensa ta jingina shi ga sababbi, da suna da gado. Musulunci ya soke ta tun zamanin Zaidu ɗan Harisa, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ahzab, ya bar ɗaukar nauyin maraya da renonsa a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyukan lada. Musulmin Uwani da ya je ofishin walwalar jama'a neman takarda, aka miƙo masa fom ɗin tabanni, zai ajiye ya fita, kuma ba taurin kai ne ya sa shi ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Enugu da Anambra da Ribas suka daɗe da amincewa da ita, Kano kuma ta sa hannu a kan tata a 2023, tana da wani babi dabam a kan reno wanda ba ya yanke nasaba. Wannan ya fi kusa da riƙo. Sai dai ƙofarsa ta kotun iyali ce, da lauya da zirga-zirga da ɗage zama, kuma mai sayar da albasa ko mai yankan farce bai taɓa jin labarinsa ba. Ko ma'aikacin tarayya da addininsa bai hana shi tabanni ba, akwai shingen da ke gabansa: dokar ta ce sai mai nema ya shekara biyar yana zaune a jihar da ya shigar da buƙatarsa. Jami'in kwastan ko na shige da fice da ake yi wa sauyin wurin aiki daga Fatakwal zuwa Katsina, daga can zuwa Enugu, yana iya kai wa ritaya bai cika wannan sharaɗi a ko'ina ba.

Masu karanta wannan shafi sun fi kowa sanin yadda kalma ɗaya a takardar umarni ke raba mai samu da mai rashi. A watan Nuwamban 2022, ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Dokta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar da ta ba ma'aikaci namiji hutun kwana 14 na aiki idan matarsa ta haihu, ta kuma ba shi irin wannan hutu idan iyalinsa suka ɗauki jaririn da bai kai wata huɗu ba. Wannan ci gaba ne, kuma ya cancanci yabo. Amma riƙon Bahaushe ba a wata huɗu yake farawa ba. Akasari sai bayan yaye, yaro yana dab da shekara biyu, ko kuma ranar da aka yi sadakar bakwai aka zauna rabon marayu, wani mai shekara uku, wani mai tara. Yaron da ya san mahaifiyarsa ya kuma rasa ta, shi ne ya fi buƙatar a zauna da shi a makonnin farko, kuma shi ne takardar ba ta gani ba.

Haka abin yake a inshorar lafiya. An gina tsarin ma'aikata ne a kan ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma lafazin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne 'ya'yan cikinsa. Ɗan riƙon da ba shi da takardar kotu sai dai a shigar da shi a matsayin ƙari, a biya kuɗi na dabam. Ma'aikacin da yake da 'ya'ya biyu kacal, ya ɗauko marayun wansa biyu, yana da gurbi biyu a kan katinsa da ba zai iya cikewa da su ba. Sakamakon sananne ne: a kai maraya asibiti da sunan ɗan gida, a koya masa amsa sunan da ba nasa ba a gaban likita, tarihin jinyar yara biyu ya cakuɗe a fayil ɗaya. Tsarin da ke tilasta wa mutumin kirki yin ƙarya don ya yi alheri, tsarin ne ke da gyara.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa hukuma laifin komai. Mafi yawan abin da ke sa ɗan riƙo ya tashi da walwala ko ya tashi da tabo, a tsakar gida yake faruwa, inda ba jami'in da ke leƙawa. Hausa ba ta rasa kalmar mugun riƙo ba, ita ce ta ce riƙon sakainar kashi. Akwai gidajen da 'yar riƙo ce ke fara tashi ta kuma kwanta a ƙarshe, ita ce mai talla yayin da 'ya'yan gida ke aji, ita ce ake ɗinka wa kayan Sallah idan yadi ya rage. A gida Arewa, labari kan kai kunnen uwarta kafin la'asar. A Fatakwal kuwa, tsakaninta da uwar akwai tafiyar yini da kwana, wayar da za ta yi magana da ita ma a hannun mariƙiyar take. Iyayen da suka ba da ita kan yi kawaici, don a al'ada wanda ya ba da ɗa ba ya bin sawu, kada a ce bai yarda da ɗan uwansa ba. Wannan kawaici kyakkyawa ne tsakanin manya, amma yarinyar ce ke biyan kuɗinsa.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato gidan da so ya yi yawa har aka ɓoye wa yaro asalinsa. Ana yi ne da kyakkyawar niyya, don kada ya ji shi bare ne. Amma irin wannan sirri ba ya tsufa a unguwa. Yakan fashe ne a mafi munin lokaci: a bakin wata maƙwabciya ranar faɗa, ko ranar da aka zo neman aure aka tambayi waliyyi, ko ranar rabon gado, sa'ad da malami ya lissafa magada ya tsallake saurayin da ya yi jinyar mamacin har ya ɗauki makararsa. Shari'a ba ta ba ɗan riƙo gado ba, amma ta buɗe ƙofa biyu da mutane ke sakaci da su: kyauta tun mai dukiya yana raye, da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Mariƙin da ya ce yaron nan ɗana ne, amma ya mutu bai rubuta masa ko shago ɗaya ba, ya bar shi ne ga tausayin magada. Ga ma'aikacin gwamnati abin ya fi sauƙi, domin kuɗin fansho da na inshorar rai duk da takarda ake biyan su, kuma yana da ikon tsara wasiyyarsa tun yana kan kujera.

Su ma masu riƙon suna da nasu ciwon da ba a cika faɗa ba. Mace ta raini yarinya tun tana rarrafe, ta yi mata tarbiyya, ta fara tara mata kayan ɗaki, rana ɗaya saƙo ya zo daga gida cewa a maido ta an yi mata miji. Ba a yi yarjejeniya ba tun farko, don haka ba abin da za ta kama. Zumunci da yawa ya mutu a kan wannan gaɓa. Da an zauna tun ranar miƙawa an faɗi wa ke da alhakin makaranta, wa ke da ta cewa a aure, yaushe yarinya za ta riƙa zuwa ganin iyayenta, da an rage yawan gidajen da wa da ƙanwa ba sa ga maciji.

Yaran Kano da aka ceto sun nuna wani ɓangare mai wuyar faɗa. Yaron da aka sace yana ɗan shekara biyu ko uku, ya yi shekaru yana kiran wata mace uwa, ranar da aka maido shi ga iyayensa na gaskiya an yi adalci, amma a zuciyarsa an sake tumɓuke shi ne karo na biyu. Bikin miƙa yara a gaban kyamara yini ɗaya ne. Koyon harshen uwa daga farko, da sabawa da ƙannen da aka haifa bayansa, da daina firgita cikin dare, aikin shekaru ne, kuma yana buƙatar ƙwararrun masu ba da shawara da jami'an walwala da za su riƙa komawa gidan. Kasafin kuɗin da ya tanadi samame da gurfanarwa amma bai tanadi wannan ba, rabin aiki ya biya.

Abin da ake buƙata ba sabuwar hukuma ba ce. Takarda ce guda ɗaya ta rajistar riƙo, mai ɗauke da sunan yaro da hotonsa da sunan mahaifinsa na asali, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai bayarwa da mai karɓa, da sa hannun mai unguwar garin da yaron ya fito, da na Sarkin Hausawa ko limamin inda zai zauna, sannan ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya buga hatimi ya ajiye kwafi. Ba ta sauya nasaba, ba ta ba da gado, don haka ba malamin da zai ƙi ta. Jami'in walwala ya riƙa ziyara lokaci-lokaci, ya ga yaron shi kaɗai, ya duba ko yana zuwa makaranta. Duniya ma ta san wannan tsari: sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ambaci kafala da sunanta a jerin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali, Maroko kuma ta yi mata doka ta musamman tun 2002.

Za a yi ƙorafi iri biyu, kuma duka suna da tushe. Na farko, cewa duk takardar da aka ƙirƙiro a ƙasar nan takan zama sabon shingen karɓar na goro, har goggon da a da ake tambaya ta wuce yanzu a ce ta biya tara. Maganin wannan shi ne rajistar ta zama kyauta, kuma ta zama kariya ga wanda ya yi ta ba laifi ga wanda bai yi ba, aƙalla har ta karɓu. Na biyu, cewa Bahaushe zai ga neman sa hannun ɗan uwansa a kan ɗa kamar zubar da zumunci ne. Nan aikin malamai ne su tuna wa jama'a cewa addinin da ya yi umarni a rubuta bashi, ya kuma ce a kafa shaidu ranar miƙa wa maraya dukiyarsa, ba zai ƙyamaci a rubuta inda marayan kansa yake kwana ba.

Wani ɓangare na wannan sai an bi ta jihohi, kuma zai ɗauki lokaci: Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya ce ya kamata ta tsara fom ɗin bai ɗaya, ta zauna da hukumar NAPTIP da rundunar 'yan sanda domin jami'in da ke shinge ya san shi idan ya gani, ta kuma fara gwajinsa a Enugu da Anacha da Fatakwal tare da Kano da Sakkwato, inda yaran ke kai da komo. Amma akwai abu biyu da ba sa jiran Majalisar Tarayya. Ofishin Shugaban Ma'aikata na iya sake duba sharaɗin wata huɗu, ya haɗa da marayan da ma'aikaci ya karɓa bayan rasuwar iyayensa ko shekarunsa nawa. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa kuma na iya barin ma'aikaci ya cike gurbin 'ya'yansa huɗu da ɗan riƙon da aka yi wa rajista. Dukansu gyaran sakin layi ɗaya ne a takardun da suka riga suka wanzu, kuma daraktoci da mataimakan da za su rubuta daftarin suna nan a Sakatariyar Tarayya.